Izinin da Ya Riga Roƙo Isowa

Cikin abubuwan da Allah Ya nuna mini a zamana na Madina, akwai guda da ba zai gushe daga zuciyata ba, wato ranar da na kai mai ɗakina asibiti saboda idonta na hagu. An riga an cire mata yana a na dama, sai na hagun ma ya dushe, har ta koma tana lalube a cikin ɗakinta.

Ƙa'idar da muka sani ita ce asibiti ya nemi izinin kamfanin inshora, a jira, sannan amsa ta zo. Muwafaƙa ake ce mata. Ma'aikaciyar sashen inshora, 'yar mutanenmu ce ta unguwar Ranuna, mai Hausa rabi Larabci rabi, ta dubi na'urarta ta ce muwafaƙar ta riga ta iso alhali ba wanda ya nema. Na'urar kuwa ta rasa inda za ta ajiye ta, domin an tsara ta ne ta haɗa kowace amsa da tambayarta.

Sai tsoro ya kama ni. Sunayen zuriyarmu a garin nan suna yawan kama da juna, na ce kada dai izinin wata baiwar Allah ne ya ɓata hanya, mu gyara idonmu da haƙƙinta. Na nemi a dakata sai an tabbatar, ko da za mu rasa gurbin da likita ya ba mu. Mai ɗakina ta riƙe hannun rigata.

"Ya ammi, isbir kaɗan," in ji ma'aikaciyar, wato baffa, yi haƙuri kaɗan, ta kira kamfanin. Ashe tun a rahoton aikin farko likita ya ambaci ido na biyu, su kuma suka aiko da izini tun kafin a tambaye su. Ta shaida musu an karɓa, ta haɗa shi da fayil ɗin mai ɗakina.

Muna jiran a shiga da ita, mai ɗakin nawa ta ce da ni a hankali, "Malam, kai ne fa kake koya wa mutane cewa Ubangiji Yana bayarwa tun ba a roƙa ba."

Aka yi aiki, ido ya buɗe, alhamdu lillahi. Daga ranar na fahimci cewa bincike kan haƙƙin wani wajibi ne, amma idan alheri ya tabbata naka ne, kada rashin roƙonsa ya hana ka buɗe masa ƙofa.