Sunan Da Dada Ba Ta Faɗa

Ko da zan tsufa har in riƙa rikita sunayen jikokina, ba na jin zan manta da safiyar da na zauna a bayan mahaifiyata a ofishin jakadancin wata ƙasar Turawa, ina kallon ƙeyarta, ina roƙon Allah Ya buɗe mata baki ta faɗi suna guda ɗaya. 

Asalinmu mutanen Wuro Hausa ne a cikin Yola, amma a Mubi muka tashi, inda mahaifinmu ya yi kasuwanci har Allah Ya karɓi abinsa. Shekarar da 'yan bindiga suka shiga garin, ni ina Jimeta da aure da aikin koyarwa. Dada, haka muke kiran mahaifiyarmu, ta fito da zanen jikinta kawai, ta bi ayarin mutane ta daji a ƙafa. Da ta iso gidana sai da muka jiƙa ƙafafunta a ruwan ɗumi kafin takalmin roba ya fita. Gidan Mubi kuwa an ƙone shi, don haka ta zauna a wurina.

Babbar yayarmu, wadda muke kira Adda, tana can ƙasar waje tare da mijinta. Ta daɗe da aure, ciki yana zuwa yana zubewa. Wannan karon ya tsaya, amma da hawan jini, likitoci kuma suka ce sai dai a yi mata tiyata. Ba ta da kowa a can in ban da mijin, shi kuma aiki ya riƙe shi. Ta kira ni ta ce, "Ba na son komai, Dada nake so ta zo ta zauna kusa da ni." Mijin ya aiko da takardun gayyata, muka yi fasfo, muka nufi Abuja neman biza.

A karon farko ba a bar ni na shiga ba. Ban daɗe da zama a waje ba sai ga Dada ta fito, fasfonta a hannu. Ta ce, "Sun ce a'a." Daga nan ban ƙara samun komai daga bakinta ba har muka dawo Jimeta. Ni kuwa da ma bakina ba ya shiru, na yanke hukuncina tun a mota: sun ga 'yar gudun hijira daga arewa maso gabas, ba gida ba gona, sun ɗauka in ta je ba za ta dawo ba. Na zage su tas, duk wanda ya zo jaje na maimaita masa. 

Mijin Adda ya sake nema mana rana, aka ba mu wadda take dab da lokacin haihuwa. Kowa ya san ma'anar hakan. In aka sake hana ta, babu sauran lokacin gwaji na uku.

Muna da maƙwabciya, tsohuwar shugabar makarantar firamare, Kirista ce daga kudancin Adamawa, duk layinmu Madam muke ce mata. Ita ta kawo shawarar a gwada Dada a gida kamar yadda ake gwada yara kafin jarrabawa. Da la'asar ta shiga ɗakina, ta zauna bayan taga mai gilashi, ta sa tabarau, ta ɗaure fuska. Dada ta tsaya a waje. Hausar Madam irin ta Jimeta ce, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinta.

"Mama, ina za ka je?" Dada ta faɗi ƙasar daidai.

"Wane ne za ka je ka gani?"

Dada ta sunkuyar da kai. "Wata yarinya ce."

"Yarinyan nan, yaronka ne?"

"Ta Innata ce. Ita ta raine ta."

"Mene ne sunanshi?"

Shiru. Dada ta shiga gyara bakin mayafinta kamar ba da ita ake ba. Madam ta ce to ta lissafo 'ya'yanta. Ta fara daga wanda yake bin Adda, ta kira mu ɗaya bayan ɗaya har auta, ta tsaya. Madam ta cire tabarau a hankali ta ce, "Mama, haka ka faɗa musu a Abuja?" Dada ta ce, "To me zan ce?"

Nan take na gane. Adda 'yar fari ce. A wurin mutanenmu, mace mai kunya ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta nuna nata ne a gaban mutane, ba ta ma sa shi a lissafi. Tun da aka yaye Adda aka kai ta Wuro Hausa wurin kakarmu. Mu a gida mun saba har ba ma lura. In Dada za ta yi maganarta sai ta ce "Addarku," ko "waccan ta wajen." Amma ka tsaya a gaban Bature, takarda ta ce 'yarki ce ta gayyace ki, ke kuma ki ce wata yarinya ce ta Innarki, sunanta ma ba ki faɗa ba. Ko ni ce a bayan gilashin nan, a'a zan ce.

Da Adda ta kira washegari na ba ta labari, ina zaton za mu yi dariya tare. Ta yi dariyar kuwa, 'yar gajeruwa. Can ta ce, "Wato ko Bature ne ya tambaya, ba na cikin 'ya'yanta." Na ce haba Adda, kin fa san al'ada ce. Ta ce, "Na sani. Ku kuka tashi a cinyarta, ni hutu nake zuwa kamar baƙuwa. Kar ki matsa mata. In na tashi daga tiyatar nan, shi ke nan. In ban tashi ba, da ma ba ta saba da ni ba." Ban taɓa jin Adda ta yi irin wannan magana ba, kuma ta tsorata ni fiye da maganar likitoci.

Na sami Dada a tsakar gida tana dakan yaji. Tun ranar da ta ji labarin cikin take tara kayan jego: kanwa, citta, kimba, ga ganyen darbejiya ta shanya a inuwa saboda wanka. Ko bayan an hana ta biza ba ta daina ba. In ka tambaye ta na wa ne, sai ta ce, "Na mai buƙata." Na durƙusa a gabanta na ce, "Dada, don Allah, suna ne fa kawai." Ta ɗaga taɓarya ta tsaya. "Ke da kika yi boko, komai a wurinki kawai ne. Innata har ta koma ga Allah ban ji sunan Hammana, ɗanta na fari, a bakinta ba. Ni ce zan fara?" Ta ci gaba da daka.

Muka yi ta gwaji. Dada ta haddace komai, sunan garin, aikin surukinta, watan da za ta dawo. Da an zo kan suna sai ta zama dutse. Na yi lallashi, na yi fushi, na yi kuka, duk a banza. Ranar gwaji na ƙarshe Madam ba ta shiga bayan taga ba. Ta ja kujera ta zauna kusa da Dada. Duk mun san ɗanta na fari yana karatu a Mubi lokacin da aka shiga garin, kuma har ranar ba a ga shi ba, ba a ga gawarsa ba, amma ba ta taɓa tayar da maganar a gidana ba. Ta ce, "Mama, ni kullum da safe ina kiran sunan nawa. Ina kira, ina kira, ba ya amsawa. Kai naka yana nan da rai, yana jira." Ta tashi ta fita. Dada ta bi ta da kallo har ƙofa.

Hanyar Abuja a lokacin ba wasa ba ce. Daga fitarmu Jimeta shingen sojoji ne bayan shinge, a sauke mu, mu ɗaga hannu mu taka a ƙasa, a bincike jaka. Dada da ciwon gwiwa take sauka tana hawa ba ƙorafi. A kowane shinge sai in raɗa mata, "Dada, kin shirya?" Ta ce, "Allah Yana nan." Wannan amsar ba ta kwantar mini da hankali ko kaɗan ba.

Da safen ranar, muna layi a bakin ofishin, mijin Adda ya kira. An kwantar da ita a asibiti, jinin ya hau sosai, likitoci sun ce ba lallai su jira ba. Na faɗa wa Dada. Ta ja mayafinta ta rufe rabin fuskarta. Nan take masu gadi suka karɓe wayoyinmu, don ba a shiga da su. Wannan karon mun nemi izini saboda ƙafarta, aka bar ni in raka ta, da sharaɗin in zauna a kujerar baya kar in sa baki.

Baturiya ce a bayan gilashin, da wani tafinta Bahaushe a gefenta. Tambayoyin farko Dada ta amsa su tsaf. Sai tafinta ya ce, "Hajiya, an ce wa za ki je gani, kuma me ye sunanta?"

Shiru. Ina jin ƙarar na'urar sanyaya ɗaki. Tafinta ya maimaita. Baturiyar ta dubi kwamfutarta, ta dubi Dada, sai na ga ta ɗora yatsunta a kan fasfon, ta fara turo shi wajen ramin da ke ƙarƙashin gilashi.  A zuciyata na ce shi ke nan, me zan faɗa wa Adda?

Sai Dada ta waiwayo ta dube ni, ta ce mini da Fulatanci, yarenmu na gida, "Kau da kanki." Na sunkuya na zuba ido a ƙasa, amma kunnuwana a buɗe suke.

Ta faɗi sunan. A hankali ta faɗe shi, kamar mai ɗaukar garwashi da hannu. Tafinta ya ce bai ji ba. Ta sake faɗa, wannan karon har na kujerar kusa da ni ya ɗago kai. Ta ce, "'Yata ce. Ni na haife ta, ita ce ta fari." Daga nan kuma bakin ya ƙi rufuwa. Ta ce da damina ta haife ta, a ɗakin Innarta, ta sha wuya har aka fid da rai. Ta ce akwai tabo a gwiwarta ta hagu, faɗuwa ta yi daga kan katanga, kuma ita ta aika da maganin a ɓoye. Ta ce duk sallah ita take ɗinka mata kaya ta ba wa Inna ta ce daga gare ta ne. Ta ce ranar da aka yaye ta aka tafi da ita, a bayan rumbu ta ɓuya ta yi kukanta don kar a gani. "Yanzu tana kwance za a yanka ta, ba kowa a kanta. Ku bar ni in je in dafa mata ruwa." Tafinta yana ta cewa, "Hajiya, a hankali, bari in fassara." Ni dai hawaye ne yake ɗiga a kan takalmina. A gidan na tashi, amma ko ɗaya daga cikin waɗannan ban taɓa sani ba.

Baturiyar ta daɗe tana kallon Dada. Sannan ta janye fasfon ta ajiye a gefenta. Tafinta ya ce, "Hajiya, an ba ki. Za a sanar da ku ranar karɓa."

Muna fita na karɓi wayata, na kira mijin Adda. Ya ce ga su nan ana shirin tura ta ɗakin tiyata. Kafin in buɗe baki Dada ta miƙo hannu. Ita da ba ta wuce "kuna lafiya?" da Adda a waya, ta ce, "Ce masa ya sa mata a kunne." A bakin titi, gaban masu gadi da masu jiran layi, ta kira Adda da sunanta. Ta ce, "Ni ce, uwarki. Kar ki ji tsoro. Ina zuwa, ki jira ni." Daga inda nake tsaye ina jin kukan Adda yana fitowa ta cikin wayar.

Allah Ya sauke ta lafiya, aka sami 'ya mace. Dada ba ta riski haihuwar ba, amma ta riski jego. Ganyen darbejiyar dai an ƙwace a filin jirgi, abin da har ta rasu ba ta yafe ba, amma yajin ya isa. Da wa'adinta ya cika ta dawo Jimeta, ta koma "Addarku" da "waccan ta wajen" kamar ba a yi komai ba. Ba wanda ya ƙara jin sunan a bakinta. Na taɓa yi wa Adda tsiya a kan haka, sai ta ce, "Bar ta. Wanda na ji ranar nan da shi na shiga tiyata, da shi na farka, kuma bai ƙare ba har yau."

Abin da wannan rana ta koya mini shi ne, shirun iyayenmu ba rashin ƙauna ba ne, wani lokaci ma nauyinta ne yake hana su magana. Amma wanda ake ƙauna ba ya ganin abin da aka yi a bayan rumbu, yana buƙatar ya ji da kunnensa ko da sau ɗaya ne, tun yana iya amsawa. Madam ta ci gaba da kiran nata har ƙarshen rayuwarta. Ni kuwa ɗana na fari, ko a tsakiyar kasuwar Jimeta ne, da sunansa nake ƙwala masa kira. Tsofaffi su harare ni su ce ba ni da kunya, shi kuma ya waiwayo ya ce, "Na'am, Mama."