Saƙon Zinariya ta bakin akuya

Duk wanda ya zauna a layinmu na Takur ya san Zinariya mai fura. Katanga ɗaya ta raba gidana da nata, gajera kuwa, don haka abin da zan faɗa ba ji-ta-ji-ta ba ne. Ni ba na leƙe, kunne ne dai ba shi da murfi.

A wata ruga kusa da Kafin Hausa aka haife ta. Aure ya kawo ta Dutse, gidan Malam Ɗayyabu direban bas. Shanu ta baro su can, amma ta taho da abu biyu: iya dama fura, da kunyar ɗan fari. Babban ɗanta Uwaisu har ya shiga sakandare bai taɓa jin sunansa a bakinta ba. Ba ta yabonsa, ba ta yi masa faɗa kai tsaye, haka ta ga iyayenta suna yi. Mu ma Maman Munira muke ce mata, da sunan ƙanwarsa, don in ka ce Maman Uwaisu sai ta yi kamar da bango kake. In za ta aike shi, sai ta ce wa Munira, "Gaya wa wancan ya ɗebo ruwa." In Munira ba ta kusa, sai ta juya wajen jar akuyarta da ke ɗaure a turke, ta ba ta saƙon. Na sha yi mata tsiya cewa wata rana akuyar nan za ta nemi ladan aike.

Dokar gidan ɗaya ce: yaro ya shigo kafin kiran magariba. Sai Uwaisu ya gano wani filin ƙwallo a Yalwawa. Daga nan makara ta fara, kowace da rakiyarta. Yau malamin Islamiyya ya tsare su, gobe ya raka wani tsoho gida, jibi keke ya yi faci. Keken nan da yana da baki, da ya kai ƙara wurin mai unguwa.

Ran nan Malam Ɗayyabu ya ƙule. Ya ce, "Makara zan iya haƙuri da ita. Amma in ya sake yi mini ƙarya, ruga zan kai shi wurin kawunsa, ya ajiye boko ya bi shanu." Malam kuwa ba ya magana biyu.

Zinariya ta ci gaba da aikinta. Ina ita ina roƙa wa ɗan fari? Amma na san abin ya ci ta, don furar washegari ko yaji babu.

Da yamma yaron yana wanke ƙafa a tsakar gida, na ji ta tana cewa, "Ke Ja, ki gaya wa mai ƙafar yawo. Makara daban, ƙarya daban. Wanda ya makara ya faɗi gaskiya, gobe lokacin ƙwallo zai share turkenki ya yanko miki ciyawa, magana ta mutu. Wanda ya haɗa da ƙarya, ba ruwana, tsakaninsa da maigida."

Wallahi hukuncin ya yi mini. Lokacin da ya cinye a wasa, daga wasan za a cire, ba zagi ba bulala. Sai dai yaron bai yarda ba, gani yake tarko ne. Ya ɗan kiyaye na 'yan kwanaki, sannan ƙafa ta koma gidan jiya.

Wata Laraba cikin damina aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ruwa ya ɗauke, aka kira magariba, babu Uwaisu. Sai ga wata mai tallan gyaɗa ta shigo layi da labarin wai wani yaro cikin 'yan ƙwallo ya faɗa kududdufi a Yalwawa.

Ban taɓa ganin Zinariya a waje ba mayafi ba sai ranar. Ba takalmi, ludayi a hannu, tana tsallake taɓo tana kwarara kira: "Uwaisu! Uwaisu!" Na bi ta da gudu ina salati.

Ba mu kai bakin titi ba ya fito daga bayan rumfar mai shayi, riƙe da keke, ko ƙwarzane babu. Ashe tun ɗazu yana tsugune a can yana sace iskar taya, don faci ya samu shaida. Wancan yaron ma daga baya muka ji an ciro shi lafiya. Ni dai zama na yi a kan dakali.

Uwaisu ya tsaya yana kallon mahaifiyarsa baki buɗe. Ƙaryar tana nan a shirye, ga taya a sace. Amma ya sunkuyar da kai ya ce, "Inna, ƙwallo na tsaya. Tayar ma ni na sace ta."

Sai a lokacin ta tuna da kanta. Ta fizge mayafina ta rufa, ta juya gida ba ta dube shi ba. Tana shiga na ji ta tana cewa: "Ja, kin ji da kunnenki, ya faɗi gaskiya. Gobe shara da ciyawa."

Da Malam ya dawo ya tambaya, ta ce, "An makara, an faɗi dalili na gaskiya, an yanke hukunci." Sai ya ce a kawo masa tuwo. Zancen ruga bai sake tashi ba.

Washegari da la'asar, lokacin da abokansa ke wucewa da ƙwallo, ina shanya a jikin katanga na ji ƙarar tsintsiya a turke. Can ta tsaya. Uwaisu ya rage murya, amma ba sosai ba, don mahaifiyarsa na bakin murhu.

"Ja, ki gaya mata na ji, ba zan ƙara ba. Ki kuma ce mata, in ba damuwa, wata rana ta sake kira na. Ko sau ɗaya."