Sarƙar da Na Ɗauka a Rumfar Baba

Wata Talata ce, kwana biyu da yin ruwan shuka, shekarar da na shiga aji huɗu. Na gama wanke-wanke, na zuba wa awaki dusa, sai na lallaɓa rumfar Baba da ke bakin titin Ajingi na ɗauko sarƙarsa. Ni da ƙawata Ladidi muka ɗaura ta a reshen tsamiyar bayan makaranta muka yi lilo. Igiyar rama kullum tsinkewa take, wannan kuwa ko gezau. Kai, ranar har ƙafata sai da ta taɓo ganye!

Baba mai faci ne, na manyan tayoyi, su tifa da gireda. Irin tayar nan akwai zoben ƙarfe da ke riƙe ta, in bai zauna daidai ba aka ba ta iska, fitowa yake kamar harsashi. Shi ya sa kafin ya kunna injin iska sai ya naɗe taya da sarƙar nan tam. Abokan sana'arsa har tsiya suke masa, wai matsoraci. Shi dai ya ce, "Iska ba ta da ƙashi, amma tana karya ƙashi." Na sha jin maganar, sai dai ƙuruciya dangin hauka ce.

Ranar aka kawo tayar gireda mai gyaran hanyar Toranke. Baba ya duba ƙusar da yake rataye sarƙa, wayam. Direba na ta azalzalarsa, ma'aikata na jira cikin rana, sai ya ba ta iska haka nan. Muna kan lilo muka ji ƙarar, Ladidi na dariya wai bindigar maharba ce.

Ashe zoben ne ya fito ya sami Baba. Bai mutu ba. Shekara tara ya yi kwance a zaure, ɓarin jikinsa a shanye, magana ba ta fita. Kowa cewa yake ƙaddara, ba wanda ya tambayi inda sarƙa ta shiga. Ni ma wallahi har aka kai shi makwancinsa ban iya faɗa masa ba.

Yanzu ƙanena Sabi'u ne a rumfar. Tayoyin sun ƙara girma, masu su sun ƙara gaggawa. Bara na sayo masa sabuwar sarƙa a Gaya, na haɗa shi da Allah. Ya yi dariya ya ce, "Haba Yaya, wa ke da lokacin wannan yanzu?" Makon jiya na wuce na gan shi durƙushe kan taya yana ba ta iska. Sarƙar na nan, da ita yake ɗaure injinsa saboda ɓarayi. Ni dai har gobe ina kewar matsoracin nan.