Layar Ammar

Tambari mai cajin waya ne a kasuwar Zurmi, kuma tun da 'yan bindiga suka kashe ƙanensa Ammar a hanyar Gurbin Bore ba wanda ya ƙara ganin haƙorinsa. Ammar ya bi 'yan sa-kai ne rataye da layar Malam Maitama, wanda ya rantse harsashi ba ya keta ta. Da ita a wuyansa aka ɗauko gawarsa.

Sai ga wani fim ɗin barkwanci ya cika wayoyin mutane. A ciki wani malami mai tumbi yana raba wa mayaƙa layu yana kabbara, da aka yi harbin farko sai ya faɗa rumbu ya bar takalmansa. Matasa suka yi ta dariya har da riƙe ciki, dattawa kuwa suka ce izgili ne ga addini, a goge shi.

Tambari bai yi dariya ba, bai kuma goge ba. Ya jona lasifika, ya juya bakinta wajen tabarmar da Maitama ke baza layunsa, duk ranar kasuwa fim ɗin yake saki har a watse. Masu saye suka daina tsugunawa.

Ran nan Maitama ya taso yana huci. "Kai yaro, ba ka tsoron Allah?"

Tambari ya zaro layar Ammar daga aljihu, jini ya bushe a jikinta. "Malam, rataya wagga ka bi hanyar Gurbin Bore. In ka dawo da ranka, da hannuna zan cire lasifikar."