Hoton Da Na Tura Ya Jawo Wa Ƙauyenmu Sunan 'Yan Taliya

Assalamu alaikum Edita. Lokacin da abin nan ya faru ni malamin firamare ne a wani ƙauye da ke gefen Zakirai. Na manyanta, matata ta rasu, 'ya'yana mata duk suna ɗakunan mazajensu, gida ya yi mini faɗi. In na taso daga makaranta sai in leƙa gona, in dawo in zauna a zaure. Bayan magariba matar yayana takan aiko mini da tuwo, in ɗauki kwanon in kai ƙofar gidansa inda muke ciyayya da maƙwabta. Wannan zaman shi ne kaɗai hirar da nake samu a yini.

'Yata da ke aure a Bacirawa ce ta saya mini babbar waya don mu riƙa ganin juna. A cikinta na ci karo da wani shafin intanet na masu sassaucin ra'ayi, irin waɗanda ke kawo labaran siyasa su bi su da sharhi. Suna magana a kan haƙƙin talaka, da karatun 'ya'ya mata, da cewa duk wanda aka zaɓa dole ya yi wa jama'a bayanin aikinsa. Wallahi abubuwan da na daɗe ina ji a raina ne, ban dai sami wanda zan faɗa wa ba. Na fara rubuta ra'ayina a ƙarƙashin sharhinsu, su ma suka fara amsa mini, har suka laƙaba mini Malamin Karkara. In na kwana biyu ban leƙa ba sai wani ya rubuta yana tambayar ko lafiya. Wanda ya saba wayar gari shi kaɗai a gida ya san daɗin wannan tambayar.

Da zaɓe ya ƙarato sai mai shafin ya kira ni da kansa. Ya ce suna neman muryar mutanen ƙauye, in rubuta musu yadda siyasa take a wurinmu, in haɗa da hoto in da hali. A makon kuwa wasu 'yan siyasa suka zo da mota suna raba wa mata taliya da sabulu a filin makarantarmu. Na tsaya daga nesa na ɗauki hoton layin. Na rubuta cewa damina ta yi gardama, taki ya gagari mutane, rumbuna sun yi ƙasa tun rani bai yi nisa ba, shi ya sa iyayenmu suka fito rana a kansu. Nufina a ji tausayinsu, a ji haushin masu rabon.

Abin da ya fito daban. Kanun labarin ya ce ga ƙauyen da ya sayar da 'yancinsa a kan taliya, da sunan ƙauyen, da sunana. An yanke maganar damina da taki gaba ɗaya. An matso da hoton har fuskoki suka fito sarai: a gaba Gwaggo ce, ƙanwar mahaifinmu, tsohuwa tukuf, ta miƙa hannu biyu, a bayanta kuma matar yayana. A ƙasan labarin mutane suka yi ca. Wani ya ce jahilai ne, wani ya ce irinsu ne suka hana ƙasa ci gaba, wata ta ce da ma a hana su zaɓe. Cikin masu faɗin haka har da waɗanda suke tambayar lafiyata. Na kira mai shafin, na roƙe shi ya sauke hoton. Ya ce ai babu ƙarya a ciki, kuma ba su taɓa buga labarin da ya karɓu haka ba, kamata ya yi in yi alfahari. Daga baya ya daina ɗaukar kirana.

Kafin ranar kasuwar Zakirai hoton ya gama zagaya wayoyi. Mutanenmu suka je cin kasuwa, 'yan acaɓa da masu awo suna ta kiransu 'yan taliya suna dariya. Yayana bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Bayan sallar asuba ya tsayar da ni a bakin masallaci, bai dube ni ba ya ce, "Malam, daga yau za a riƙa kai maka tuwonka gida." Haka kuwa aka yi. Matar da na tona wa asiri ba ta fasa tuƙa mini tuwo ba, sai dai ni kaɗai nake ci a zaure, ina jiyo hirarsu daga can ƙofar gida. In na yi sallama a amsa, a yi shiru har in wuce. In suna da ɗaurin aure sai bayan an watse nake ji. Da damina ta faɗi na kira gayya, babu wanda ya ce ba zai zo ba, babu kuma wanda ya zo.

Na daɗe ban iya zuwa wurin Gwaggo ba. Ranar da na yi ta maza na je, na same ta tana ɓarar gyaɗa. Na durƙusa na fara ba ta haƙuri, sai ta katse ni. "Ɗan nan, ka ga na karɓa. Ka tambaye ni wa na dangwala wa?" Na ce a'a. Ta ce marayun jikokinta ta karɓar wa, ranar zaɓe kuma wanda ranta ya so ta zaɓa, ba masu taliyar ba. "Ga ƙofata ga ƙofarka. Da ka tako ka tambaya da na gaya maka." Ta ce ta yafe mini, ta ci gaba da ɓararta. Na koma na rubuta maganarta a ƙarƙashin labarin, amma ko mutum ɗaya bai tanka ba. Sun daɗe da komawa kan wata rigimar.

Yau an ɗan sassauta mini, ana gaisawa, amma har yanzu a kasuwa wani kan jefa wa ɗan ƙauyenmu sunan nan, kuma kowa ya san daga ina ya fito. Ba na cewa duk abin da shafukan nan ke faɗa ƙarya ne. Da yawa har gobe na yarda da shi. Abin da na gane shi ne kaɗaici ya sa na ɗauki masu yaba rubutuna a matsayin dangi, na manta cewa su labari suke nema. Don Allah 'yan'uwa, musamman mu na karkara da waya ta shigo hannunmu da girma, kada ku miƙa wa baƙo fuskar mutanenku sai da saninsu, kuma sai kun ji ta bakinsu. Mai shafi gobe zai buga wani labarin. Kai kuwa da waɗanda ke cikin hoton za ka tsaya sahu ɗaya a masallaci.