Yau Na Yanke wa Kaina Hukuncin Yasar Rijiya

Jama'a, yau bakina ya ja min!

Da hantsi duba-gari ya zo unguwarmu a Talata Mafara da takarda, kan tsohuwar rijiyar nan da kakanni suka haƙa tun zamanin jihadi. Kwana biyu ruwanta yana wari, har ana maganar rufe ta. Takardar da Turanci take, sai Mai Unguwa ya sa aka kira ni, tunda ni ke koyar da Turanci a firamare.

Bayan mun gaisa ya ce, "Malam Sani, wagga kalma pollute da yake ta faɗi, mi take nufi?"

Na gyara zama. "Ranka ya daɗe, gurɓatawa ke nan. Ba a faɗinta don riga ta yi datti. Sai in an ɓata abin da kowa ke amfani da shi, kamar ruwa ko iska."

"Ba mu misali."

Sai na hangi Mamman mahauci, abokin tsokanata. "Kamar mutum ya wanke tumbi, ya zubar da ruwan a bakin rijiya." Aka kwashe da dariya. Na ƙara da cewa, "Irin wannan, a sa shi ya yashe ta da hannunsa."

Duba-gari ya ce, "Juya takardar, Malam."

Na juya. Sunana ne ɓaro-ɓaro a matsayin mai laifin! Ashe kwatar turken shanuna ce ke tsiyaya cikin rijiyar.

Mai Unguwa ya ce, "Karanta da ƙarfi, ka fassara muna kamar ɗazu."

Gobe da safe ina cikin rijiya. Mamman ya ce shi zai riƙe min igiya.