Baba Yohanna da mutanen da ke baibaye ƙasa

Duk wanda ya taɓa ziyartar Baba Yohanna a unguwar Ladywood ta Birmingham ya san dokarsa: ba a shiga lift. Flat ɗinsa na hawa na goma sha huɗu, amma shi da kansa zai sauko ya tarbe ka, ya kama hannunka, ya nufi matakala. Ranar da fastonmu ya kai hawa na tara ya zauna yana haki, Baba ya tsaya a kansa.

"Fasto, haka za ka hau sama ran ƙarshe?"

"Baba, can ai ɗaukar mu za a yi!"

Ba mugunta ba ce, shiri yake yi. Wata rana a ɗakin jira na GP, wato likitan unguwa, ya ga hoton wani tafki a kalanda, Titicaca, can ƙasar Peru, a kan duwatsu masu tsayin da iska ba ta isar mutum. A tsakiyar ruwan akwai tsibirai da mutane suka saƙa da ciyawa, suna zaune a kai da ɗakunansu da murhunsu. To kun san kafin ya zo Ingila Baba mai baibaya ne, rabin jinkar ƙauyensu a Pankshin aikin hannunsa ne. Ya kira ni a waya yana ihu.

"Bulus! Mu sama muke baibaya, waɗannan ƙasa suke baibaya! Sai na taka ta da ƙafata kafin in mutu."

Matsalar ita ce zuciyarsa. GP ya ce mai irin ciwonsa ba ya hawa wurin nan. Baba ya ce GP yaro ne, bai taɓa hawa jinka ba.

Sai ya fara gwaji. Ya yanko ciyawar bakin canal, hanyar ruwan nan da ta ratsa unguwa, ya yi wata biyu yana ɗaure ta a baho, yana wanka da bokiti. Wata Asabar muka ɗauki abin, faɗinsa kamar tabarma, muka sa a ruwa. Ya yi iyo kuwa! Agwagwa ta hau, bai nutse ba. Baba ya gyara hula ya taka. Na jawo shi ruwa har ƙirji, Turawa masu yawo da karnuka sun tsaya suna kallo.

"Baba, ka gani?"

"Na gani. Ruwan Ingila ba shi da ƙarfi."

'Yarsa Rifkatu, wadda take aikin nas a Manchester, da ta ji labari sai ta zo ta ɗauke fasfo ɗinsa. Baba bai yi faɗa ba. Ya shiga mota ya tafi gidanta a Withington, ya ajiye jaka, ya kama hawa da sauka a matakalarta mai ƙara. Kwana huɗu! A na biyar ta kira ni.

"Uncle Bulus, please, ka zo ka ɗauki abokinka. Ya gama mini da carpet."

Ta kai shi wurin likitan zuciya, aka canja masa magani, aka ce in zai je dole a hau a hankali, kuma da wanda zai riƙe magungunan. Ta maido masa fasfonsa, aka ce ni zan raka shi. Lokacin ban daɗe da shiga ajin koyon karatu ba. Rifkatu ta rubuta mini lokutan da manyan baƙaƙe, idonta ya ciko. Baba ya miƙo mini takardar.

"Ga jarrabawarka. In ka faɗi, ni zan mutu."

Da muka isa Peru muka yi kwanaki muna hawa gari bayan gari. Kun san wanda iskar ta kayar? Ni. Kaina kamar ana daka a ciki, Baba mai shekara saba'in da ɗaya yana ɗauke da jakata yana ce mini, "Taka a hankali, tsoho."

Amma tafkin nan, jama'a. Shuɗi ne irin wanda ban taɓa gani a zane ba. Gajimare na sama, gajimare na ƙarƙashin kwalekwale, har ka rasa ta ina ake faɗuwa. Ba ƙarar komai sai ta ruwa. Tun Birmingham Baba bai rufe baki ba, a nan ya yi tsit.

Da muka sauka a tsibirin ya cire takalmi. Ƙasar ta lotsa, ta dawo. Sauran baƙi suka bi mai jagora, shi kuwa ya nufi wata tsohuwa mai faffaɗan siket da ke ɗaure damin ciyawa. Ashe ciyawar da ke ƙasa ruɓewa take yi, sai an riƙa shimfiɗa sabuwa a kai. Ya durƙusa, ya kalli ɗaurinta, ya girgiza kai, ya sa hannu ya kwance.

Tas! Ta make masa hannu.

Ya yi nasa ɗaurin, na Pankshin. Ta ja da yatsa ɗaya, ya warware. Ta yi nata, ya ja da hannu biyu, ko motsi. Ba Hausa, ba Turanci, suka yi awa biyu a haka, tana tsaki yana tsaki. Can ya ɗago.

"Bulus, shekara arba'in ina ɗaurin banza."

Ban taɓa jin ya amsa laifi ba sai ranar.

Daga nan ya miƙe a kan sabuwar ciyawar, ya rufe ido, ya ɗora hannu a ƙirji. Na lalubo takardar Rifkatu, baƙaƙen suna ta rawa a idona.

"Baba! Baba, zuciyar ce?"

"Ajiye takardar nan," ya ce, bai buɗe ido ba. "Zo ka kwanta. Ƙasar numfashi take yi."

Na kwanta kusa da shi. Gaskiya ya faɗa. Tana ɗagawa tana sauka a hankali, kamar ƙirjin uwa. Muna nan har mai jagora ya gaji da kira.

Bayan shekara biyu zuciyar ta tsaya, a gadonsa, Rifkatu na riƙe da hannunsa. Ubangiji, bawanka ya sha wahalar hawa. Ka shimfiɗa masa wuri mai laushi, ka bar shi ya huta. Amin.